Yadda Ake Mayar da Tsohuwar Kwamfuta Rumbun Ajiyar Fayiloli a Gida

Ranar da waya ta fara yi maka ƙorafin cewa wurin ajiya ya cika, hanyoyi biyu ne a gabanka: ko ka zauna kana goge hotuna ɗaya bayan ɗaya, ko ka fara biyan kuɗin haya duk wata. Google yana ba da gigabait 15 kyauta, amma Gmail da Drive da Photos ne suke raba su, kuma tun 1 ga Yuni 2021 ya daina karɓar hotuna ba iyaka. iCloud gigabait 5 yake bayarwa, Dropbox kuma 2 kacal. Akwai hanya ta uku, wadda nake bi shekara da shekaru: ka ajiye kwamfuta ɗaya a lungun ɗaki tana kunne dare da rana, wayoyinka da na iyalinka su riƙa zuba mata kaya, ka kuma iya ɗauko abinka ko kana wata ƙasa. Abin da ake kira "gajimare" dama kwamfutar wani ce da ke can wani wuri. A nan taka ce.

Na kafa irin wannan sau da yawa, wa kaina da wa 'yan uwa, kuma abu ɗaya nake faɗa wa kowa kafin mu taɓa ko kebul: idan kuɗinka kaɗan ne, kada ka kashe su a kan kwamfuta, ka kashe su a kan faifai na biyu. Kwamfuta idan ta mutu, rana ɗaya ta isa a kafa wata. Faifan da ke ɗauke da hotunan shekara goma idan ya mutu ba shi da na biyu, ta'aziyya kawai za a yi maka.

KAYAN DA ZA KA TANADA

Kwamfuta. Da tsohuwar zuma ake magani: laftof ɗin nan da aka jingine saboda allonta ya tsage ko madannanta sun lalace ita ce zaɓina na farko. Ba ta cin wuta, kuma batirinta zai riƙe ta in an ɗauke lantarki na ɗan lokaci. Sharaɗi biyu ne: ta kasance mai bit 64, RAM ɗinta kuma ya kai gigabait 4. Da 2 ma za ta tashi, amma za ta riƙa jan ƙafa. Ka juya ta ka duba batirin. In ya kumbura har ya ɗaga murfi, cire shi gaba ɗaya, don batirin da ya kumbura ba a barinsa a caji ba dare ba rana.

In babu laftof, ƙananan kwamfutocin ofis na hannu suna yi sosai. Raspberry Pi 4 ko 5, wata 'yar ƙaramar kwamfuta mai girman tafin hannu, ma yana yi. Wanda ya gabaci na 4 ka bar shi, saboda ƙofar intanet ɗinsa da ta USB hanya ɗaya suke bi, kuma tsohuwar USB 2.0 ce. Babbar kwamfutar tebur kuwa sai in dole. Yi lissafin da kanka: na'urar da ke jan wat 10 tana cin kilowat-awa 88 a shekara, mai jan wat 60 tana cin sama da 525. Arahar da ka samu wajen saye, takardar kuɗin wuta za ta karɓe ta.

Faifai biyu na ajiya. Ɗaya na rumbu, ɗaya na kwafin ko-ta-kwana, kuma na biyun kada ya gaza na farko girma. Terabait 1 ko 2 ya ishi yawancin gidaje. Kada ka yi mamaki in faifan terabait 1 ya nuna maka 931. Bambancin yadda masu ƙerawa da kwamfuta suke ƙirga ne, ba cutarka aka yi ba. Ƙaramin faifai mai inci 2.5 daga USB yake shan wuta, babba mai inci 3.5 sai da cajarsa ta bolt 12. Filashi da katin memori ba wurin ajiyar dindindin ba ne, rubutun yau da gobe yana cinye su, kuma ba sa sallama in za su tafi.

Sauran: kebul na intanet da zai haɗa kwamfutar da rauta, filashi mai gigabait 8 don girka babbar manhaja, da wata kwamfutar ta aiki da za ka riƙa ba da umarni daga cikinta. Wi-Fi zai yi in babu yadda za a ja kebul, amma ranar da za ka kwashe bidiyo masu yawa za ka gane bambancin.

Manhajojin duka kyauta ne: Ubuntu Server, babbar manhajar Linux da za ta tafiyar da kwamfutar; Nextcloud, mai karɓa da ajiye fayilolin; da Tailscale, mai ba ka damar shiga daga wajen gida. Nextcloud shi ne zuciyar aikin. Frank Karlitschek ne ya fara shi a Jamus a 2016 bayan ya bar ownCloud, wanda shi ma shi ya kafa. Yana da manhajar Android da iPhone da Windows da Mac da Linux.

1. GWADA FAIFAN KAFIN KA AMINCE DA SHI

Wannan mataki ana yinsa ne bayan an girka Ubuntu, amma na sa shi a gaba don ka san da shi tun kana wurin saye, musamman in faifan na hannu ne. Kowane faifai yana riƙe da tarihin lafiyarsa a cikinsa. Ga umarnin da za ka rubuta a Ubuntu don karanta shi (/dev/sdb sunan da kwamfutar ta ba faifan ne, mataki na 4 zai nuna yadda ake gano naka):

sudo apt install smartmontools
sudo smartctl -a /dev/sdb

In faifan na USB ne ya ƙi amsawa, ƙara -d sat a cikin umarnin. Layuka uku za ka nema. Power_On_Hours yana gaya maka awa nawa ya yi yana aiki. Shekara ɗaya awa 8,760 ce, sai ka raba. Reallocated_Sector_Ct da Current_Pending_Sector su ne ƙididdigar wuraren da suka lalace ko suke shirin lalacewa, kuma sifili kake so ka gani a ƙarshen layinsu. Faifai mai awanni da yawa amma sifili a waɗannan biyun ya fi mini mai ƙarancin awanni da ya fara ƙirga raunuka. In ka sayi biyun tare, gara su zama ba kamfani ɗaya ko zubi ɗaya ba, don kada tsufa ya zo musu lokaci guda.

2. GIRKA UBUNTU SERVER

Sauke Ubuntu Server 24.04 LTS daga shafin Ubuntu. Haruffan LTS suna nufin za a yi shekara biyar daga fitowarta ana aiko mata da gyaran tsaro, abin da ake so ke nan ga na'urar da ba kullum za ka leƙa ta ba. Ka rubuta shi a filashi da Rufus ko balenaEtcher. Mai Raspberry Pi ya yi amfani da Raspberry Pi Imager, Ubuntu Server yana cikin jerinsa.

Kafin ka fara, cire faifan ajiya biyun. Faifan cikin kwamfutar kaɗai za a bari, kuma duk abin da ke kansa zai tafi. Sa filashi, kunna, danna maɓallin zaɓen abin da za a tashi da shi. A yawancin kwamfutoci F12 ne ko F9 ko Esc.

Mai girkawa zai yi ta tambayoyi, yawancinsu ka bar su yadda suke. Uku ne ke son kulawa. A wajen faifai, cire alamar da ke kan LVM, domin in ka bar ta yakan ware wani yanki na faifan ya ajiye ba a amfani da shi. A wajen OpenSSH, sa alama. Da shi za ka riƙa shiga daga nesa. A shafin ƙarshe zai nuna maka jerin manhajoji har da Nextcloud. Kada ka zaɓa yanzu, sai mun shirya masa wurin zama. Sunan da za ka ba kwamfutar ya zama gajere, kamar rumbu, kuma kada ka sa sunanka a ciki. Za ka ga dalili a mataki na 6.

Da ta tashi, shiga ka rubuta:

sudo apt update && sudo apt upgrade -y
hostname -I

Na biyun zai ba ka adireshinta a cikin gida, wani abu kamar 192.168.1.50.

3. HANA TA BARCI, HANA TA SAUYA ADIRESHI

Rauta tana raba adireshi yadda ta ga dama, gobe tana iya ba ta wani. Shiga shafin rautarka, nemi sashen DHCP, ka keɓe wa wannan kwamfutar adireshin da take da shi yanzu. Daga nan ka koma kwamfutarka ta aiki ka buɗe tagar rubuta umarni, ka shiga rumbun da ssh sunanka@192.168.1.50, ba ka sake bukatar allonta ba.

Mai laftof: da zarar ka rufe murfi za ta yi barci, rumbu ya ɓace. Buɗe wannan fayil da nano, manhajar gyara rubutu:

sudo nano /etc/systemd/logind.conf

Nemi layin HandleLidSwitch, cire alamar # da ke gabansa, ka mayar da shi HandleLidSwitch=ignore. Adana, ka sake kunna kwamfutar. Mai kwamfutar da ba ta da batir kuma ya shiga BIOS, wato saitunan da ake shiga tun kwamfuta tana tashi, ya nemi wurin da ake zaɓar abin da za ta yi in wuta ta dawo, ya sa ta ta kunna kanta. Sunan wurin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma kalmomin AC da Power ba sa rasa fitowa a ciki. In ba ka yi wannan ba, ɗaukewar wuta ta minti ɗaya za ta bar rumbunka a kashe har sai wani ya zo ya danna.

Ka ajiye ta inda iska ke ratsawa, ba cikin durowa ba, ba kan katifa ba.

4. SHIRYA FAIFAN RUMBU

A nan ne hannu ke rawa, kuma ya kamata ya yi. Sa faifai ɗaya kawai, wanda zai zama rumbu, ka rubuta:

lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,MOUNTPOINT

Dubi girma da sunan samfuri ka tabbatar wanne ne. Haruffan sda da sdb da sdc ba sunan yanka ba ne, kwamfuta tana raba su ne bisa wanda ta fara gani. Na taɓa goge faifan da ba shi nake nufi ba saboda na dogara da cewa jiya sdb ne. Da safe an sauya musu wuri ban duba ba. Abin da ya cece ni shi ne akwai kwafi. Tun daga ranar, faifai ɗaya nake sawa in zan goge, kuma sai na karanta umarnin sau biyu kafin in danna.

In ka tabbata sdb ne:

sudo parted /dev/sdb --script mklabel gpt mkpart rumbu ext4 0% 100%
sudo mkfs.ext4 -L rumbu /dev/sdb1
sudo mkdir /mnt/rumbu

Faifai daga shago yakan zo da tsarin NTFS ko exFAT. Kada ka bar shi haka don ka huta. Nextcloud yana dogara da izinin fayiloli irin na Linux, kuma ext4 ne ke riƙe su daidai.

Yanzu a sa kwamfutar ta riƙa ɗaura faifan da kanta duk lokacin da ta tashi. Buɗe /etc/fstab da nano, ka ƙara wannan layi a ƙasa:

LABEL=rumbu /mnt/rumbu ext4 defaults,nofail 0 2

Mun kira shi da laƙabin da muka ba shi, don haka ko haruffa sun sauya ba ruwanmu. Kalmar nofail kuma ita ke hana kwamfutar tsayawa cak a hanyar tashi in ba ta ga faifan ba. Gwada da sudo mount -a, sannan df -h. In ka ga /mnt/rumbu da girmansa, ka wuce. Maimaita duk wannan da faifai na biyu, ka ba shi laƙabin kwafi, wurinsa /mnt/kwafi.

Mai Raspberry Pi ya kula: faifai biyu masu shan wuta daga USB sun fi ƙarfinsa. Alamar ita ce faifan ya riƙa ƙara kamar agogo ko ya ɓace ya dawo. Maganin shi ne mahaɗar USB mai cajarta daban.

5. GIRKA NEXTCLOUD

Akwai hanyoyi da yawa, har da Docker da girkawa da hannu ɗaya bayan ɗaya. Ga mai farawa, snap nake zaɓa, wato tsarin girka manhaja da ke zuwa da Ubuntu: umarni ɗaya ya kawo komai, kuma yana sabunta kansa. Masu son sarrafa kowane lungu suna raina shi, suna da hujjarsu, amma na ga rumbuna da yawa da aka kafa da hannu aka manta da sabunta su shekara biyu.

sudo snap install nextcloud
sudo snap connect nextcloud:removable-media
sudo mkdir -p /mnt/rumbu/data
sudo chown -R root:root /mnt/rumbu/data
sudo chmod 0770 /mnt/rumbu/data

Tsaya nan, kada ka buɗe shi a burauza tukuna. In ka yi gaggawa ka ƙirƙiri asusu yanzu, zai kafa ma'ajiyarsa a ƙaramin faifan cikin kwamfutar, babban faifanka yana zaune fayau, sai bayan wata biyu ka ga wuri ya cika. Buɗe wannan:

sudo nano /var/snap/nextcloud/current/nextcloud/config/autoconfig.php

Nemi layin da ya fara da 'directory', ka mayar da shi haka:

'directory' => '/mnt/rumbu/data',

Adana, sannan sudo snap restart nextcloud.php-fpm. Yanzu buɗe burauza a kwamfutarka ta aiki, rubuta adireshin nan na 192.168, ka ƙirƙiri asusun shugaba da doguwar kalmar sirri. Zai ɗauki 'yan mintuna, a tsohuwar na'ura ma fiye. Kada ka rufe shafin. Zai ba ka shawarar ƙarin manhajoji na hira da kalanda da ofis. Tsallake su, kowace tana cin RAM, in ka bukace su daga baya suna nan.

Asusun shugaba na gyara ne kawai. Buɗe wa kanka wani na yau da kullum, kowa a gida ma nasa, kuma ka yanka wa kowa iyakar gigabait ɗinsa, in ba haka ba mai yawan ɗaukar bidiyo zai cinye rabon kowa. Loda hoto ɗaya, ka duba da sudo ls /mnt/rumbu/data ko foldar sunanka ta bayyana a can.

6. SHIGA DAGA WAJEN GIDA

Tsohuwar hanya ita ce ka buɗe ƙofofi 80 da 443 a rauta, ka sami suna daga masu ba da shi kyauta irin DuckDNS, ka karɓi takardar tsaro ta Let's Encrypt da sudo nextcloud.enable-https lets-encrypt. Tana aiki, kuma ita ce hanyar in kana so ka riƙa aika wa baƙi mahaɗin sauke fayil. Amma tana da matsala biyu. Ta farko, ka buɗe rumbunka ga duniya, kuma akwai na'urorin da ba su da aiki sai zagaya intanet suna taɓa kowace ƙofa. Ta biyu, kamfanonin intanet da yawa, musamman na layin waya, suna haɗa kwastomomi masu yawa a bayan adireshi ɗaya, abin da ake kira CGNAT. Duba adireshin waje da rautarka ke nunawa: in ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, ko ya bambanta da wanda shafukan duba adireshi suke nuna maka, kana ciki, kuma buɗe ƙofa ba zai yi komai ba.

Tailscale yana tsallake duka biyun. Yana haɗa na'urorinka a wata keɓantacciyar hanya da aka gina kan WireGuard, ba tare da an buɗe ko ƙofa ɗaya ba, kuma yana da tsarin kyauta na amfanin kai.

curl -fsSL https://tailscale.com/install.sh | sh
sudo tailscale up

Zai ba ka mahaɗi, ka buɗe ka shiga da asusunka. Sa manhajar Tailscale a wayarka da kwamfutarka da asusu ɗaya. A shafin gudanarwarsu, sashen DNS, kunna MagicDNS da HTTPS. Rumbunka zai sami cikakken suna mai ƙarewa da ts.net. Sunayen da aka ba takardar tsaro ana wallafa su a rajistar da kowa ke iya dubawa, shi ya sa na ce kada ka sa sunanka. Sai:

sudo tailscale serve --bg 80
sudo nextcloud.occ config:system:set trusted_domains 1 --value=cikakken-sunan.ts.net
sudo nextcloud.occ config:system:set overwriteprotocol --value=https

Daga yanzu da wannan sunan za ka riƙa shiga, a gida ko a waje, adireshin 192.168 ba zai ƙara buɗe shafin daidai ba, kuma ba laifi. In na'urorin biyu suna gida ɗaya, Tailscale yakan haɗa su kai tsaye ta cikin rauta.

Abu ɗaya da kusan kowa ke mantawa: makullin kowace na'ura a Tailscale yana ƙarewa bayan kwana 180. Ni ina kan tafiya nawa ya ƙare, rumbu yana kunne lafiya lau a gida amma ba hanyar shiga. A jerin na'urori, danna ɗigo uku na gefen rumbu ka kashe ƙarewar makullinsa yau ɗin nan.

Kada ka sa ran saurin Google. In kana waje, saurin lodawa na intanet ɗin gidanka ne iyakarka, kuma yawanci ya fi na saukewa ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Da megabit 10, fayil mai gigabait 1 zai ci kusan minti 14. Takardu da hotuna ba za ka ji komai ba. Wanda intanet ɗin gidansa na ƙirgen data ne kuma ya tuna cewa duk abin da ya ɗauko daga waje, daga datar gida aka cire shi.

7. HAƊA WAYOYI

Sa manhajar Nextcloud, ba ta sunan ts.net ɗin, shiga da asusunka. A saituna kunna lodawa ta kai tsaye ga foldar kyamara, ka zaɓi a yi ta kan Wi-Fi kawai. Wayoyin Android da yawa suna kashe manhajar da ke aiki a bayan fage don tattalin batir. Shiga saitin batir ka cire wa Nextcloud da Tailscale wannan takunkumi, in ba haka ba za ka ɗauka hotuna suna tafiya alhali sun tsaya tun makon jiya. A iPhone, ka riƙa buɗe manhajar lokaci-lokaci.

Tsofaffin fayiloli masu yawa ka loda su kana gida, ta manhajar kwamfuta. In ka kwafa su kai tsaye cikin faifan ta bayan Nextcloud, ba zai gan su ba sai ka ce masa sudo nextcloud.occ files:scan --all.

Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a asusun shugaba, ka rubuta lambobin ceto a takarda.

Kuma kada ka goge komai daga waya ko daga Google tukuna. Saura mataki ɗaya.

8. KWAFIN KO-TA-KWANA

Mutane suna ganin hoto yana waya yana kuma rumbu sai su ce ai biyu ne. Manhajar kwamfuta daidaitawa take yi: ka goge a nan, ta goge a can, fayil ya lalace a nan, lalataccen ne zai haye can. Nextcloud yana da kwandon shara da ke riƙe abin da aka goge kimanin kwana 30, amma kwandon a kan faifan nan ɗaya yake. Haka masu haɗa faifai biyu su zama madubin juna, wato RAID 1: yana kare ka daga mutuwar faifai ɗaya, amma kuskuren hannunka yana sauka a kan biyun a daƙiƙa guda. Mai faifai biyu kacal, kwafi ya fi masa madubi.

Abu biyu ake kwafa: fayilolin kansu, da kundin bayanan Nextcloud wanda ya san asusun kowa da abin da aka raba wa wa. Buɗe sabon fayil da sudo nano /root/kwafi.sh ka zuba wannan:

#!/bin/bash
mountpoint -q /mnt/kwafi || exit 1
mountpoint -q /mnt/rumbu || exit 1
/snap/bin/nextcloud.export -abc
/snap/bin/nextcloud.occ maintenance:mode --on
rsync -a /mnt/rumbu/data/ /mnt/kwafi/data/
rsync -a /var/snap/nextcloud/common/backups/ /mnt/kwafi/tsari/
/snap/bin/nextcloud.occ maintenance:mode --off

Layukan mountpoint ɗin nan biyu kada ka raina su. In kebul ɗin faifan kwafi ya saki, foldar /mnt/kwafi tana nan a matsayin fanko a kan faifan cikin kwamfutar, kuma rsync, umarnin da ke yin kwafin, ba ya tambaya, zai yi ta zuba kaya har faifan ya cika komai ya tsaya. Ya faru da ni, na kwana ina neman abin da ya kashe rumbun. Da gangan kuma ban sa --delete ba: abin da ka goge a rumbu zai ci gaba da zama a kwafi. Faifan zai riƙa cika a hankali, na yarda da wannan farashin.

sudo chmod +x /root/kwafi.sh
sudo /root/kwafi.sh

Karon farko zai daɗe, kuma rumbun zai kasance a rufe har ya gama, don haka ka yi shi da dare. Bayan haka sabbin abubuwa kawai yake ɗauka. Don ya riƙa yi da kansa, rubuta sudo crontab -e, wanda ke buɗe jadawalin ayyukan kwamfutar, ka ƙara:

0 3 * * * /root/kwafi.sh

Ƙarfe uku na dare ke nan, kullum. Foldar backups tana tara sabon kundi duk dare, ka riƙa share tsofaffin duk wata ka bar na kwanan nan.

Faifan da ke manne da kwamfutar har yanzu yana ɗaki ɗaya da ita. Gobara, ɓarawo ko tsawar da ta bi ta waya ba za su bar ɗaya ba. Ƙa'idar da masu wannan aiki suke bi ita ce 3-2-1: kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. In aljihu ya ba da dama, faifai na uku da za ka cika duk wata ka kai gidan wani da ka yarda da shi ya rufe wannan. In bai ba da ba, ga dabara: cire layin crontab, ka riƙa sa faifan kwafi sau ɗaya a mako, ka ɗaura shi da sudo mount /mnt/kwafi, ka gudanar da kwafin, ka sauke shi da sudo umount /mnt/kwafi, ka ajiye shi nesa da kwamfutar. Takardun da ba su da madadi kuma, waɗanda duka ba su wuce gigabait biyu ko uku ba, ka bar kwafinsu a gigabait ɗin kyautan nan na kamfanoni. Manhajar restic tana kulle su da kalmar sirri kafin su bar gidanka, tana kuma riƙe tarihin kowane kwafi, abin da rsync ɗin da ke sama ba ya yi.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka gwada yanzu. Zaɓi hoto ɗaya, goge shi a Nextcloud, share kwandon shara. Nemo shi a /mnt/kwafi/data, cikin foldar sunanka, ƙarƙashin files. Kwafo shi zuwa kwamfutarka da scp ka buɗe shi da idonka. Foldar ta root ce, wato babban asusun Ubuntu, sai ka fara fito da shi da sudo cp zuwa foldarka ta gida ka mayar da shi mallakinka da chown. In ya buɗe, yanzu kana iya fara rage kaya daga waya.

IN KWAMFUTAR TA YI RAUNI DA YAWA

Na'ura mai RAM gigabait 1 ba za ta ji daɗin Nextcloud ba. Syncthing ya fi sauƙi ƙwarai: yana daidaita foldoji tsakanin na'urori ba tare da kundin bayanai mai nauyi ba, sai dai ba shi da shafin duba hotuna, kuma ba shi da manhajar iPhone ta kansa. In abin da kake so kawai folda ce da kowa a gida zai gani a kwamfutarsa, Samba ya isa, kuma yana bi ta Tailscale lafiya. Matakai na 1 zuwa 4 da na 8 ba sa sauyawa, sai dai ka cire layukan Nextcloud daga fayil ɗin kwafi.

DUBAWAR WATA-WATA

Ubuntu yana saka gyaran tsaro da kansa, snap ma haka, amma wasu gyare-gyaren ba sa kama aiki sai an sake kunnawa. Sau ɗaya a wata nakan shiga da ssh in yi abu biyar, ba ya cin minti goma: sudo apt update && sudo apt upgrade; df -h don ganin ko wani faifai ya haura kashi 85 cikin 100; smartctl a kan faifan biyu, ina duban layukan nan na raunuka; ls -l /mnt/kwafi/tsari don in ga kwanan watan kwafi na ƙarshe; sannan sudo reboot, in jira minti uku, in buɗe manhajar a waya da datar layi ba Wi-Fi ba. Ranar da ɗaya daga cikin lambobin raunuka ta tashi daga sifili, a ranar nake neman sabon faifai, ko da tsohon yana aiki kamar ba abin da ya same shi.